Tumun Fari da Ɗalibin da Ke Shi Kaɗai

Ya ɗan'uwa, sa'anda marka ta wuce, gero ya nuna a gonakin Geza da ƙasar Bagudo har iyakar Benin, yunwar damina ta ƙare. Amma a gidajen da ke riƙe da al'adar kakanni, kamar na Maguzawan Kano da Katsina, akan fara ba iskoki rabonsu na kaka. Maigida ya yanka kaza, ya roƙi Uwar Gona.

To, ga yaro daga irin gidan nan yana makaranta tare da kai. Ba kaza, ba dattijo. Sai ya gasa tumu guda bayan ɗaki, ya murje kaɗan a ƙasa, yana waiwaye. Kada ka yi masa dariya, kada ka kira yara su gani, gama rabin abin kewar gida ce.

In ya miƙo maka fa? Manzo Bulus ya warware wannan cikin 1 Korantiyawa, sura 10. Abinci kawai, ba laifi ka ci. Amma kadan ya ce na iskoki ne, ka ƙi da ladabi, domin kada ya zaci ka yarda da tsafin. Kashegari ka gasa naka, ka gode wa Ubangiji, ka raba biyu da shi.