Ƙarfafa Tsoka da Lafiyar Zuciya ga Mata Masu Manyan Shekaru

Daga shekara 30 zuwa sama, tsokar ɗan Adam takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Ga mace akwai ƙarin dalili, domin ɗaukewar al'ada, wadda yawanci take faruwa tsakanin shekara 45 da 55, tana zuwa ne tare da raguwar istirojin, wato sinadarin da ke taimakawa wajen kare ƙashi da jijiyoyin jini. Idan ya ragu, kitse yakan koma taruwa a ciki, mugun maiƙon da ke toshe jijiyoyi ya ƙaru, hawan jini kuma ya sami ƙofa.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, tsoka ce rumbun sukarin jiki, domin ita ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci. Duk lokacin da ta ragu, sai sukarin ya daɗe yana yawo, jiki kuma ya riƙa bijire wa insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin halitta, wanda hakan shi ne mafarin ciwon suga nau'i na 2. Tsokar da aka sa aiki kuwa tana iya jan sukari ko da insulin bai wadata ba, kuma idan aka ɗore, hawan jini yakan ɗan sauka.

A gidajen Hausawa da yawa, ana sauke wa dattijuwa daka da jan ruwa a rijiya da zarar ta yi surukai da jikoki. Girmamawa ce mai kyau, sai dai waɗannan ayyuka su ne suka riƙe mata ƙarfin dantse da ƙugu, saboda haka wajibi ne a maye gurbinsu da wani abu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya da su ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiya ko makamancinta ta minti 150 zuwa 300 a mako. Ƙarfafa tsoka na nufin sa ta ta ja, ko ta tura, ko ta ɗaga wani nauyi, kuma ba sai an je gidan motsa jiki ba. Mace za ta iya tashi daga kujera ta sake zama a hankali ba tare da dafa gwiwa ba, ko ta dafa bango da tafukan hannu ta riƙa tura jikinta, ko ta ɗaga gorar ruwa mai lita 1, wadda nauyinta kilo 1 ne. Kowane motsi a maimaita shi sau 10 zuwa 15, a bar kwana guda tsakani don tsoka ta huta, sannan a ƙara nauyi idan abin ya daina wahala. Wake da kifi da ƙwai da nono suna ba da sinadarin gina tsokar.

Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa, domin hakan yana sa jini ya hau nan take. A fitar da numfashi ne daidai lokacin yunƙuri. Mai ciwon zuciya, ko wadda hawan jininta bai daidaita ba, ta fara ganin likita, mai allurar insulin kuma ta auna sukarinta kafin farawa, saboda yana iya faɗuwa ƙasa sosai. Idan aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, a dakata nan da nan a nufi asibiti.