Darasi na Goma Sha Biyu: A Sauya Mai Tsaron Gida ko a Bar Shi?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. karanta labari ya fitar da hujjojin ɓangarori biyu;
2. amfani da kalmomin wasan ƙwallon ƙafa a cikin jimloli;
3. faɗin ra'ayinsa cikin ladabi da "ya kamata" da "bai kamata ba".

Gabatarwa

A Abuja akwai gidajen kallon ƙwallo a unguwanni da yawa, kamar Nyanya da Kubwa da Karu da Gwagwalada. Idan an tashi daga wasa, 'yan kallo ba sa watsewa nan take. Sukan tsaya a yi ta muhawara. Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta ɗan wasan da ya daina ƙoƙari. Wasu su ce a ajiye shi a benci, wasu su ce a ƙara masa lokaci. Wannan darasi zai kawo labarin wata muhawara irin wannan, wadda aka yi kusan shekara biyu ana yi a Nijeriya a kan mai tsaron gidan Super Eagles, Francis Uzoho.

Karatu na ɗaya: Daren 29 ga Maris

A ranar 29 ga Maris, 2022, Nijeriya ta karɓi baƙuncin Ghana a Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola da ke Abuja. An buɗe wannan fili a shekarar 2003, kuma yana ɗaukar mutum kimanin 60,000. A ranar ya cika maƙil. Wasa ne na neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya da za a yi a Katar. Kwana huɗu kafin nan, ƙasashen biyu sun yi canjaras a Kumasi, babu wanda ya ci wani.

Bayan kimanin minti goma da fara wasa, Thomas Partey na Ghana ya buga ƙwallo daga wajen da'irar mai tsaron gida. Uzoho ya faɗi don ya tare ta, amma ta suɓuce ta ƙarƙashinsa ta shiga raga. Ba a jima ba William Troost-Ekong ya rama wa Nijeriya da bugun fenareti. Aka tashi kunnen doki, 1-1. A lokacin akwai doka cewa idan ƙwallaye suka zo daidai a wasa biyu, ƙasar da ta ci ƙwallo a gidan abokiyar karawarta ita ce ta yi nasara. Saboda haka Ghana ta tafi Katar, Nijeriya ta zauna a gida.

Wasu 'yan kallo suka fusata, suka kutsa cikin fili suka lalata kayayyaki. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta ci Nijeriya tara, ta kuma ce a buga wasa ɗaya ba tare da 'yan kallo ba. Shi ya sa wasan da aka yi da Saliyo a Abuja a watan Yunin shekarar aka yi shi kujeru babu kowa.

Tun daga wannan dare sunan Uzoho ya shiga bakin mutane. Amma matsalar mai tsaron gida ta girme shi. Vincent Enyeama ya buga wa Nijeriya wasa 101, ya ajiye a 2015. Carl Ikeme ya gaje shi, sai rashin lafiya ya raba shi da wasa a 2017. Ta haka Uzoho ya sami kansa a raga a gasar kofin duniya ta Rasha a 2018, yana ɗan shekara 19, kuma shi ya tsare duka wasanni ukun da Nijeriya ta buga. A 2019 ya ji ciwo a gwiwa a wasa da Brazil, sai Maduka Okoye ya maye gurbinsa. Shi ma Okoye bai tsira ba. A watan Janairun 2022 Tunisiya ta fitar da Nijeriya daga gasar kofin Afirka a garin Garwa na Kamaru da ci ɗaya mai ban haushi, aka ɗora masa laifi, aka yi ta zaginsa a intanet. Wata biyu bayan haka sai zagin ya koma kan Uzoho.

Sabon koci, José Peseiro ɗan ƙasar Fotugal, ya kama aiki a watan Mayun 2022, ya ci gaba da sa Uzoho. A watan Oktoban 2023 aka yi wasan sada zumunta da Saudiyya, Uzoho ya ture wani bugun tazara cikin ragarsa, aka tashi 2-2. A watan Nuwamba kuma Nijeriya ta yi kunnen doki da Lesoto da Zimbabuwe. Gasar kofin Afirka ta ƙarato, muhawara ta ƙara zafi.

Karatu na biyu: Tattaunawa

Ga misalin irin hirar da ake yi a lokacin. Wani dattijo ne da ɗan ƙanwarsa suke komawa gida bayan kallon wasa.

Yaro: Kawu, ni dai a ganina ya kamata a ajiye golan nan. Shi ya hana mu zuwa Katar.

Kawu: Shi kaɗai? Minti nawa ya rage bayan da aka ci shi?

Yaro: Wajen minti tamanin.

Kawu: To, a cikin minti tamanin 'yan gaba ba su ci ko ɗaya ba sai ta fenareti. A Kumasi ma ba su ci ba, shi kuma bai bari an ci shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗana.

Yaro: Gaskiyarku, Kawu. Amma da sau ɗaya ya yi kuskure, da mun yi shiru. Kun ga abin da ya faru a wasan Saudiyya. Idan 'yan baya ba su yarda da golansu ba, a tsorace suke wasa.

Kawu: Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma ka manta da Oktoban bara? Ƙungiyarsa, Omonia, ta je gidan Manchester United, ya tare ƙwallo goma sha biyu. Sai a mintin ƙarshe aka ci shi ɗaya.

Yaro: Ban manta ba. Sai dai dare ɗaya ne, mu kuwa gasa za mu je mai wasa bakwai.

Kawu: Na ji. To, in an cire shi, wa za a sa?

Yaro: Ko wane ne.

Kawu: A'a, babu wani gola mai suna "ko wane ne". Kada mu saki reshe mu kama ganye. Ka kawo mini suna, ka faɗa mini inda ka ga wasansa.

Yaro: Wannan kam aikin koci ne, Kawu. Ya tashi ya nemo.

Kawu: Yanzu ka yi magana. Ya nemo, ya gwada. In ya fi shi, a sa shi. Amma bai kamata a zagi yaron mutane ba.

Karatu na uku: Yadda ta kaya

Koci Peseiro ya tafi Afirka ta Kudu da kansa don ya kalli wani mai tsaron gida, Stanley Nwabali na ƙungiyar Chippa United. Gani ya kori ji. Nwabali ya taɓa buga wa Enyimba da Lobi Stars da Katsina United, amma 'yan kallo da yawa ba su san shi ba. Koci ya gayyace shi, ya gwada shi a sansani, sannan ya ba shi raga a gasar kofin Afirka da aka fara a Kwaddibuwa a watan Janairun 2024.

A wasan farko aka yi 1-1 da Ikwatoriyal Gini. Daga nan Nijeriya ta buga wasa huɗu a jere ba a ci ta ko ɗaya ba: da Kwaddibuwa, da Gini Bisau, da Kamaru, da Angola. A wasan kusa da na ƙarshe, ranar 7 ga Fabrairu, aka tashi 1-1 da Afirka ta Kudu, aka je bugun fenareti. Nwabali ya tare biyu, Nijeriya ta yi nasara da 4-2. A wasan ƙarshe, ranar 11 ga Fabrairu a Abidjan, Kwaddibuwa ta ci 2-1 ta ɗauki kofi.

Shin wannan ya nuna cewa masu neman a sauya Uzoho sun yi gaskiya? Sun yi gaskiya, domin an sami wanda ya fi shi ƙoƙari a lokacin. Amma akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, koci ya sauya tsarin wasa bayan wasan farko, ya ƙara yawan 'yan baya, don haka ƙwallayen da suke isa raga suka ragu. Na biyu, ba a kori Uzoho ba. Yana cikin tawagar, yana zaune a benci. Da Nwabali ya ji ciwo a ƙarshen wasan Kamaru, Uzoho ne ya shiga ya ƙarasa, kuma ba a ci shi ba. Da an wulaƙanta shi har ya yi fushi ya tafi, da Nijeriya ta rasa gogaggen mataimaki a ranar buƙata. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Zagi kuwa bai ƙare ba, wuri ya sauya. Bayan wasan ƙarshe wasu suka koma kan ɗan wasan tsakiya Alex Iwobi, har ya goge hotunansa daga Instagram. Cikin shekara biyu an zagi Okoye, an zagi Uzoho, an zagi Iwobi, kuma zagin bai dawo da ƙwallo ko ɗaya da aka ci ba.

Saboda haka, kafin mutum ya ce a sauya ɗan wasa, ya kamata ya amsa tambaya uku. Kuskuren sau ɗaya ne ko yana ta maimaituwa? Laifin nasa ne shi kaɗai ko har da na abokan wasansa? Wa zai maye gurbinsa, kuma an gwada shi? Waɗannan tambayoyi suna da amfani a wajen fili ma, kamar lokacin da ɗalibai suke son sauya shugaban aji ko kyaftin ɗin ƙungiyar makaranta.

Ma'anar kalmomi

- *mai tsaron gida (gola)*: ɗan wasan da yake tare ƙwallo da hannu a bakin raga.
- *koci*: mai horar da 'yan wasa, shi yake zaɓar waɗanda za su buga.
- *canjaras*: a tashi wasa babu wanda ya yi nasara.
- *kunnen doki*: ƙwallayen ƙungiyoyi biyu su zo daidai.
- *fenareti*: bugun daga kai sai mai tsaron gida.
- *bugun tazara*: bugun da alƙalin wasa yake bayarwa idan an yi laifi.
- *gurbi*: wurin da mutum ko ƙungiya za su shiga.
- *tara*: kuɗin da ake biya saboda karya doka.
- *gogagge*: wanda ya daɗe yana aiki har ya ƙware.

Nahawu: faɗin ra'ayi

Ana amfani da "ya kamata" idan ana ba da shawara. Idan za a kore, sai a ce "bai kamata … ba".

- Ya kamata koci ya gwada sabon gola.
- Bai kamata 'yan kallo su shiga fili ba.

Ana amfani da "da … da …" a kan abin da bai faru ba.

- Da ya tare ƙwallon, da an yaba masa.

Lura: a cikin tattaunawar, yaron yana cewa "gaskiyarku" da "kun ga", alhali mutum ɗaya yake yi wa magana. Wannan jam'in girmamawa ne, ana yi wa iyaye da manya.

Auna fahimta

1. A wace rana, kuma a wane fili, Nijeriya ta buga da Ghana?
2. Me ya sa Ghana ta tafi Katar bayan an tashi 1-1?
3. Wane hukunci FIFA ta yanke wa Nijeriya?
4. Kawo hujja biyu na yaron da hujja biyu na kawunsa.
5. A kan me suka yarda a ƙarshen hirarsu?
6. Me koci Peseiro ya yi kafin ya sauya mai tsaron gida?
7. Bayyana ma'anar "sakin reshe kama ganye" da kalmominka.

Cike gurbi

Zaɓi kalmar da ta dace: *benci, tara, raga, koci*.

1. Partey ya zura ƙwallo a ______.
2. An ci Nijeriya ______ saboda 'yan kallo sun shiga fili.
3. Uzoho ya zauna a ______ a gasar 2024.
4. ______ ne yake zaɓar 'yan wasa.

Aikin aji

Malami ya raba aji gida biyu a yi muhawara a kan wannan batu: "Ya kamata a sauya kyaftin ɗin ƙungiyar makaranta idan aka sha kashi sau uku a jere." Kowane mai magana ya kawo hujja biyu, ya yi amfani da "a ganina" da "ya kamata" da "duk da haka". Wanda ya yi zagi, a rage wa ɓangarensa maki.

Jinga

Rubuta wasiƙa mai jimla goma zuwa ga wani ɗan wasan makarantarku da aka ajiye a benci. Ka faɗa masa inda ya yi ƙoƙari, da inda ya kamata ya gyara.