Darasi: Kare Kai Daga Zafin Bazara

'Yan'uwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a ƙauyukanmu. Mu riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta kama mu ba. Fitsari mai duhu alama ce ruwan jiki ya ragu. Sharar gona da neman itace, mu gama da sassafe. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai za a yawaita masa. Mu riƙa leƙa tsofaffinmu.

Wanda ya ruɗe ko ya suma a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura masa ruwa yana sume, zai shaƙe.