Teepu Siddique da Cutar Jijiyoyin Motsi: Yadda Ake Auna Tasirin Masani

Duk motsin da mutum yake yi da niyya, daga ɗaga hannu zuwa furta magana, umarninsa daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya isa tsoka ta wasu ƙwayoyi da ake kira jijiyoyin motsi. Idan waɗannan ƙwayoyi suka fara mutuwa, sai tsoka ta daina samun saƙo, ta rame, ta shanye, tamkar injin da aka yanke wa waya. Nau'in da ya fi yawa a wannan cuta shi ne wanda likitoci ke kira ALS. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1869. Yawancin masu ita sukan rasu cikin shekara biyu zuwa biyar, galibi saboda tsokar numfashi ta gaza.

An shafe fiye da shekara ɗari bayan Charcot ba a san musabbabinta ba. Cikin waɗanda suka buɗe ƙofar akwai Farfesa Teepu Siddique, wanda ya karanci likitanci a Kwalejin Dow da ke Karachi a Pakistan, sannan ya yi yawancin bincikensa a Jami'ar Northwestern ta Chicago a Amurka.

Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu cutar gadonta suke yi. Siddique ya mai da hankali ga waɗannan 'yan tsiraru, domin a zuriya guda ana iya gwada jinin mai cuta da na lafiyayye a ga inda suka bambanta. A 1991 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa a wasu iyalai aibin yana kan kuromosom na 21. A 1993, tare da tawagar Robert Brown ta Boston da wasu masana, aka bayyana ƙwayar gadon da kanta, wato SOD1, a mujallar Nature. Ita ce ta farko da aka danganta da cutar.

Aikin furotin ɗin da SOD1 ke samarwa shi ne kawar da wata guba da ke taruwa a ƙwayoyin jiki, don haka aka zaci raunin wannan aiki ne ke kashe jijiya. Gwaji ya nuna akasin haka. A 1994 Mark Gurney, da Siddique cikin tawagarsa, suka dasa gurɓatacciyar ƙwayar gadon ta ɗan Adam a jikin ɓeraye, sai ɓerayen suka shanye. A 1996 wasu masanan suka cire ƙwayar ɗungurungum daga ɓeraye, amma cutar ba ta kama su ba. Ashe lalataccen furotin ɗin ne da kansa ya zama guba. Ɓerayen 1994 kuwa suka zama abin gwajin magunguna a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama har yau.

A kan wannan fahimta aka gina maganin tofersen, wanda ake zubawa cikin ruwan laka domin ya rage samar da furotin ɗin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Afrilun 2023, shekara talatin bayan gano SOD1. Ba ya warkarwa, kuma masu aibin SOD1 kaɗai yake wa amfani, su kuwa kusan biyu ne cikin ɗari na masu cutar. Amincewar ma ta dogara ne ga raguwar wata alamar lalacewar jijiya a jini.

Jami'o'i sukan auna masani da yawan maƙalunsa da yawan masu ambatonsa. Tarihin Siddique ya nuna ma'aunin da ya fi wannan: abin da ya bari a hannun wasu suka ci gaba da aiki da shi. Ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku su lura cewa tambayar da ya zaɓa ƙarama ce, amma mai amsuwa.

Ga iyalai kuma, wanda ya ga rauni a hannu ko ƙafa yana ƙaruwa wata bayan wata, ko harshe yana nauyi, ya hanzarta ganin likitan jijiya. Idan an taɓa yin irin wannan a zuriya, a faɗa wa likitan, domin gwajin ƙwayar gado yanzu yana iya sauya irin maganin da za a bayar.