Igwa a Cikin Kwali: Darasin Ma'auni

Ɗan'uwa mai karatu, ka san motar kara. Duk garin da babbar hanya ta ratsa, daga Konni zuwa Malbaza, Dogarawa da Galmi, yara suna yin ta. Su ɓare ɓawon kara, su yanka totuwa, su feƙe sakaina ko tsohon takalmin roba su yi tayoyi. Wani ya yi motar siminti, wani ya yi mai ɗaukar albasa.

In ka lura, za ka ga ta wani yaro ta fi ta wani kama da mota. Ta ɗaya, kai ya yi girma, baya ya yi guntu. Ta ɗayan kuwa kowane sashe ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Shi wannan yaron bai san lissafi ba, amma idonsa ya gano wata doka: in za a rage abu, sai a rage kowane sashensa da adadi ɗaya. Wannan dokar ita ce darasinmu na yau. Sunanta ma'auni.

Mece ce igwa mai tafiya da kanta?

A wasu ƙasashe, kamar Japan, Italiya da Ingila, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su yi ƙaramin kwatancin mota, ko jirgi, ko kayan yaƙi. Da roba suke yi. Suna sayar da shi gunduwa-gunduwa cikin kwali, tare da takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. Wanda ya saya shi zai yanke, ya liƙa da gam, ya shafa fenti. Manya ma suna yi, har da masu furfura.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suke kwatantawa ita ce igwa mai tafiya da kanta. Igwa dai babbar bindiga ce. A da, dawaki ko mota ke jan ta. Daga baya aka ɗora ta bisa inji mai ƙafar sarƙa irin ta katafila, ta zama tana kai kanta inda ake so. Wanda bai sani ba sai ya ce tankar yaƙi ce, amma aikinsu daban. Tanka tana matsawa kusa ta harbi abin da take gani. Igwa kuwa daga nesa take tsayawa, ta ɗaga baki sama, harsashi ya tashi ya faɗa bayan kilometir masu yawa.

Sojojin Najeriya sun sayi irin wannan igwa daga Italiya a shekarun 1980, sunanta Palmaria. Amma wadda ta fi suna a duniya ita ce M109, ƙirar Amurka, wadda ta fara aiki a 1963. Da ita za mu yi lissafinmu.

Lambar da ke bisa kwali

A bisa kwalin za ka ga an rubuta 1/35, wani lokaci kuma 1:35. Duk ɗaya ne. Ana karanta shi: ɗaya bisa talatin da biyar. Ma'anarsa, santimetir 1 a jikin ƙaramar, santimetir 35 ne a jikin babbar.

Ka tuna da awon da muka koya: metir 1 santimetir 100 ne, santimetir 1 kuma milimetir 10 ne.

To, ɗauki mutum mai tsawon metir 1 da santimetir 75. Santimetir 175 ke nan. Raba 175 gida 35, za ka sami 5. Ashe ɗan sojan roba da za a tsayar kusa da igwar, tsawonsa santimetir 5 ne, bai kai ƙaramin yatsanka ba.

Ta yaya aka zaɓi 35? Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan shi ya yaɗa wannan ma'auni. A farkon shekarun 1960 ya yi kwatancin wata tankar Jamus mai suna Panther. An yi girmanta yadda batir za su shiga cikinta ta yi tafiya. Da aka auna daga baya, sai aka ga ta yi daidai da 1/35. Aka ci gaba da haka, wasu kamfanoni suka bi sahu.

Akwai wasu ma'aunai, kamar 1/48 da 1/72. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sai su ɗauka 1/72 ya fi 1/35 girma, tunda 72 ta fi 35. Ba haka ba ne. Fura ɗaya, in mutum 35 suka raba, rabon kowa ya fi in mutum 72 ne suka raba. Riƙe wannan da kyau: in lambar ƙasa ta ƙaru, abin ƙanƙancewa yake yi.

Yadda ake gane na gaskiya

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kwatanci yana iya yin kyau a ido alhali ba daidai yake ba. Masu wannan sana'a suna bin hanya uku kafin su yarda da shi.

Hanya ta farko ita ce awo. Faɗin M109 metir 3 ne da santimetir 15, wato santimetir 315. Raba gida 35, ka sami 9. Sai a ɗora abin awo a kan ƙaramar. In faɗinta ya yi santimetir 9, kamfani ya yi gaskiya. In 10 ne, an yi kuskure. Kada ka ce ai santimetir ɗaya ne kawai. Wannan ɗayan santimetir 35 ne a jikin babbar, ya fi taƙi.

Haka ramin bakin igwar. Faɗinsa milimetir 155 ne. Sau 4 na 35 shi ne 140, saura 15. Ke nan a jikin ƙaramar ramin zai zama milimetir 4 da ɗan kai, kamar ƙwayar dawa.

Hanya ta biyu ita ce ƙidaya. Ma'auni yana rage girma, amma ba ya taɓa yawa. M109 tana da tayoyin ƙasa bakwai a kowane gefe, waɗanda suke takawa bisa sarƙa. Ƙaramar ma dole ta zama da bakwai. In shida ka ƙirga, ba M109 aka ba ka ba, ko da akwai sunan a bisa kwali.

Hanya ta uku ita ce sanin iri. Inji yana canjawa da shekaru, kamar yadda ƙirar babur take canjawa. M109 ta farko bututunta gajere ne, kamar metir 3 da rabi. A shekarun 1970 aka fito da M109A1 mai dogon bututu, kamar metir 6, don harsashi ya ƙara nisa. Mu yi lissafi. Santimetir 350 a raba gida 35, ya ba da 10. Santimetir 600 a raba gida 35, ya ba da 17 da ɗan kai. In kwali ya ce M109A1 ce, ka tarar da bututu na santimetir 10, to an ɗora kan wata a jikin wata.

Saboda haka kamfanin kirki ba ya dogara da hoto kaɗai. Shunsaku Tamiya, wanda a da ya daɗe yana shugabancin kamfanin da muka ambata, da kansa ya riƙa zuwa gidajen tarihi a Amurka da Turai, yana ɗaukar hoton tankoki, yana auna su.

Inda roba take kasawa

Akwai wurin da ko mai gaskiya sai ya kauce kaɗan. Ɗauki mariƙin ƙofa na ƙarfe mai kaurin milimetir 7. In ka raba gida 35, kaurinsa zai dawo kashi ɗaya cikin biyar na milimetir, kamar silin gashi biyu ko uku. Roba mai wannan siranta karyewa za ta yi tun cikin kwali. Don haka kamfani yakan ƙara wa irin waɗannan ƴan kauri. Masu tsananin so kuma su cire na roba, su sa siririyar waya ko fallen tagulla.

Wannan ba zamba ba ce, don dalilinsa a fili yake, kuma bai taɓa tsawo da faɗin igwar ba. Abin da ba a yafewa shi ne kuskure a manyan awo, ko a ƙidaya, ko a iri.

Ina ruwanka da wannan?

Wataƙila ka ce, malam, ni ba zan sayi igwar roba ba har abada. Gaskiya ne. Amma irin wannan lamba za ta same ka a takardu uku, kuma a nan dukiyarka ce a ciki.

Ta farko, takardar gini. Magini ko ma'aikacin wata ƙungiya yana iya nuna maka zanen ɗaki, ko shago, ko ma'ajiyar hatsi ta gari. Duba ƙasan takardar. In an rubuta 1/100, santimetir 1 metir 1 ne. Ɗakin da aka zana santimetir 4 da 3, metir 4 ne da 3. In kuwa 1/50 aka rubuta, wannan zanen dai metir 2 ne da metir 1 da rabi, ɗan wurin wanka ke nan. A ido zanen biyu ɗaya ne. Wanda bai karanta lambar ba yana iya biyan kuɗin bulo da simintin babban ɗaki, a gina masa ƙarami.

Ta biyu, takardar fili. Tun daga dokar karkara ta 1993, an kafa kwamitocin ƙasa a Nijar, waɗanda ake kira Kofo, don mutane su riƙa rubuta saye, aro, jingina da gadon gona. Wata takardar fili takan zo da zane. In ma'auninsa 1/1000 ne, santimetir 1 metir 10 ne. Fili mai metir 20 da 30 zai zama santimetir 2 da 3. Lura da kyau: a nan milimetir 1 kacal metir 1 ne a ƙasa. Kaurin layin biro yana iya cinye maka kunya guda ta albasa. Rigimar iyaka tana raba zumunci, ka sani. Kafin ka sa hannu, ka ce a karanta maka awon da aka rubuta, sa'an nan a je a ja metir a ƙasa gaban shaidu.

Ta uku, taswira. Taswirorin Nijar da yawa an zana su da ma'aunin 1/200.000. Kada yawan sifiri ya ba ka tsoro. Santimetir 200.000 metir 2.000 ne, wato kilometir 2. In tsakanin gari biyu ka auna santimetir 6, tafiyar kilometir 12 ce a miƙe. Hanya kuwa tana da kwana, saboda haka sai ka ƙara kaɗan.

Ga gargaɗi ɗaya. Injin da ke kwafe takarda yana iya rage ta ko ya ƙara mata girma. In an yi haka, lambar tana nan a rubuce amma ta daina faɗin gaskiya. Nemi takardar asali. In babu, dubi ɗan layin awo da akan zana a gefe, domin shi yana raguwa tare da takardar.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. Kima ta isa a wasan yara. Wajen gini da gona kuwa sai ka sa abin awo, ka yi rabawa, ka gani da kanka.

Abin tunawa

1. Daga babba zuwa ƙarami, raba da lambar ƙasa.
2. Daga ƙarami zuwa babba, ninka da lambar ƙasa.
3. Kafin ka yi lissafi, mai da metir ya koma santimetir.
4. Ma'auni yana canja girma, ba ya canja yawa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin tanka da na igwa?
2. Tsakanin 1/35 da 1/72, wanne ne kwatancinsa ya fi girma? Don me?
3. Tayoyin ƙasa nawa ne a gefe ɗaya na M109? Nawa ya kamata a gani a jikin ƙaramar?
4. Wata mota tsawonta metir 7 ne. Santimetir nawa za ta zama a ma'aunin 1/35?
5. A takarda mai 1/100 an zana bango na santimetir 8. Metir nawa ne bangon?
6. A taswira mai 1/200.000 ka auna santimetir 10. Kilometir nawa ne?

Aikin gida

Ari metir wurin tela ko magini. Auna tsawo da faɗin ɗakinka, da faɗin ƙofa. Rubuta awon a littafinka. Zana ɗakin da ma'aunin 1/100, ka rubuta lambar a ƙasan zanen. Ranar karatu mai zuwa ka ba na kusa da kai zanen, ba tare da ka faɗa masa kome ba. In ya iya faɗa maka girman ɗakinka daga takardar kaɗai, to zanenka ya yi daidai.