ƘWAYAR CUTAR ƘANJAMAU DA TOSHEWAR ƘANANAN JIJIYOYIN JINI

Jama'a da yawa sun san cewa ƙwayar HIV tana karya garkuwar jiki. Amma kaɗan ne suka san cewa tana iya taɓa jini kansa, har ta jawo ciwon da kan kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Manufar wannan darasi ita ce kowane ɗan ƙasa ya gane alamun ciwon tun da wuri.

Asalin Ciwon

HIV tana cikin dangin ƙwayoyin cuta da masana ke kira retrobairos, waɗanda kan shiga ƙwayar halittar mutum su zauna a ciki. An gano ta a birnin Paris na ƙasar Faransa a 1983, aka kuma ba da labarin ɓullarta a Nijeriya a 1986. Shi kuwa ciwon toshewar ƙananan jijiyoyi, wanda likitoci ke kira TTP, wani likita mai suna Eli Moschcowitz ne ya fara bayyana shi a Amurka a 1924.

Yadda Yake Aukuwa

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke haɗuwa su tsai da zubar jini in an ji rauni. Akwai kuma wani sinadari mai danƙo da ke manne su, da wani kuma, ADAMTS13, wanda aikinsa shi ne datse mai danƙon don kada ya yi yawa. HIV takan raunata bangon jijiya, ta kuma ruɗe garkuwar jiki har ta far wa ADAMTS13. Daga nan sai ƙananan gudajin jini su toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa, in sun zo wucewa ta wurin da ya toshe, sai su farfashe. Ƙwayoyin tsai da jinin su ma sai su ƙare, don haka maras lafiya yakan zubar da jini alhali jijiyoyinsa a toshe suke.

Alamu

1. Kasala da ɗashewar ido da tafin hannu.
2. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu.
3. Ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, haɓo, ko jini daga dasashi.
4. Ciwon kai, ruɗewar hankali, ko farfaɗiya.
5. Zazzaɓi.

Alamun nan suna kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Gwajin jini ne kaɗai zai bambanta su.

Magani

In ba a yi magani ba, kimanin 9 daga cikin 10 sukan rasu. In kuwa an sauya wa maras lafiya ruwan jini da wuri, aka haɗa da magungunan kwantar da garkuwa da na danne HIV, akasari sukan warke. Ciwon ya fi kama waɗanda ba su fara shan magani ba, ko suka fara suka bari.

Saboda haka, ana kira ga jama'a da su je a gwada jininsu. Mai shan maganin HIV kada ya tsallake ko da kwana ɗaya. Wanda kuma ya ga waɗannan alamu, kada ya tsaya sayen magani a kemis, a garzaya da shi babban asibiti nan take. Rigakafi ya fi magani.