Yadda Sabon Nas Zai Samu Aikin Asibiti a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙannena da kuka kammala karatun jinya da difloma, ko a makarantar jinya ta Katsina ko ta ungozoma ta Malumfashi, kada rashin digiri ya karya muku gwiwa. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin yankunan da rashin tsaro ya sa ma'aikatan lafiya da yawa suka nemi canjin wurin aiki, aka bar mata masu naƙuda da yara masu zazzaɓi suna jiran hannun da zai taɓa su. Buƙata tana nan a ƙofar gidanku. Abin da ya rage shi ne ku bi hanyar daki-daki.

1. Ku fara da lasisi

Takardar makaranta ita kaɗai ba ta ba mutum izinin taɓa majinyaci. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ta yi wa wanda ya ci rajista, ta ba shi lasisi. Da zarar sakamako ya fito, ku bibiyi makarantarku har rajistar ta kammala. Ku duba sunanku harafi-harafi, domin Aisha a lasisi da A'ishatu a katin ɗan ƙasa suna iya riƙe muku albashi watanni. Lasisin yana da wa'adi, kuma kafin a sabunta shi sai an halarci bitar ƙarin ilimi da hukumar ta wajabta.

2. Ku haɗa takardunku a fayil guda

Lasisi, shaidar kammala makaranta, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, lambar NIN, hotuna, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Wannan ta ƙarshe ku karɓe ta a sakatariya tun ba a buɗe ɗaukar aiki ba, domin ranar da aka sanar layi ba ya ƙarewa. Ku ɗauki hoton kowace takarda ku ajiye a waya, saboda yawancin neman aiki yanzu ta intanet ake cikewa.

3. Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Manyan asibitocin jiha, irin na Ƙanƙara da Funtua da Malumfashi, suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci ta Jihar Katsina. Ƙananan asibitocin gundumomi kuwa na hukumar lafiya a matakin farko ne, kuma jihar mai gundumomi 361 ba za ta ƙoshi da ma'aikata nan kusa ba. A ɓangaren tarayya akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, amma nan gasa ta fi zafi, don ana fafatawa da masu digiri daga ko'ina. Akwai kuma asibitocin kuɗi a Funtua, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a Katsina. Sabon nas ya fi saurin samun shiga a asibitin jiha ko na gunduma, musamman in ya rubuta ƙarara cewa a shirye yake ya yi aiki a ƙaramar hukumarsa.

4. Kada ku zauna jiran takardar kama aiki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, kuma hannun da ya yi shekara bai sa allura ba sanyi yake yi. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban asibitin da ya fi kusa da ku, ku nemi aikin sa-kai ko na wucin gadi. Ku gaishe da metiron da ladabi, ku ce mata, “Hajiya, na zo ne in koya a ƙarƙashinki,” sannan ku riƙe duk dutin da aka ba ku, har da na dare.

A nan ne za ku koyi abin da aji bai gama koya muku ba: yadda ake laluben jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse har fatarsa ta saki, a sa masa ruwa; yadda ake auna damtsen yaro da tef, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, a san tamowa ta yi tsanani; da yadda ake kwantar da mai jijjiga ta gefe, a kare mata numfashi, a kira babba nan take. Ku riƙa rubuta abin da kuka yi a littafi, kuma kafin ku bar wurin ku karɓi takardar shaida mai sa hannu da hatimi. Sai dai ku tsaya iyakar abin da lasisinku ya ba ku dama. Abin da ya fi ƙarfinku, ku tura gaba.

5. Ku shirya wa intabiyu

Ku sake bitar awon ciki, zubar jini bayan haihuwa, lissafin magani, rigakafin yara da hanyoyin hana yaɗuwar cuta a asibiti. Ku iya bayani da Turanci ga masu tambaya, ku kuma nuna kun iya fahimtar da tsohuwar ƙauye da Hausa yadda za ta ba jikanta magani. Wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku gurbi, ku rabu da shi. Aikin gwamnati ba a sayar da shi bisa doka, kuma takardar bogi tana tonuwa ranar tantance ma'aikata.

6. Ku yi maganar tsaro tun kafin ku karɓa

Babu wanda ya manta da sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020. Son taimako ba ya nufin jefa rai cikin haɗari. Ku tambaya ko akwai gidan ma'aikata kusa da asibitin, ko akwai masu gadi, da yadda ake tsara dutin dare. Ku shawarci iyaye da ma'aikatan da suka daɗe a wurin, ku gaishe da mai gari ya san da zuwanku, ku kuma guji tafiyar dare.

7. Ku ɗora karatu kuna kan aiki

Difloma tana buɗe ƙofa, ƙarin karatu ke kai mutum gaba. Nas mai shaidar ungozoma a kai ana rububinsa a karkara. Akwai kwas ɗin jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, na ido a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, da na taɓin hankali a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, shi ma a Kaduna. Mai son digiri yana iya yi a jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ba tare da ya ajiye aiki ba. Ku shiga ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, domin a nan ake jin labarin gurabe da bita da haƙƙin ma'aikaci.

In burinku Saudiyya ne ko Ingila, can ma ana yawan tambayar shekarun da kuka yi a bakin aiki. Ku yi shekarun nan a inda aka fi buƙatarku, ku yi su da gaskiya. Gobe da safe ku ɗauki fayil ɗinku ku nufi asibitin da ya fi kusa. Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya.